Darasi: Yadda Jini Ke Ƙara Danƙo Bayan Tiyata

A wurin yawancinmu, ranar fargaba ita ce ranar da za a shiga da mutum ɗakin tiyata. Ranar ake cincirindo a bakin ƙofa, ana jan carbi, ana jiran likita ya leƙo ya ce an gama. Da zarar mara lafiya ya farfaɗo, ya buɗe baki ya yi magana, sai a yi hamdala a ce an tsallake siraɗi. Su kuwa likitocin fiɗa sun daɗe da sanin wani haɗari da ba ya zuwa a wannan rana. Yakan bari sai an shiga mako na biyu ko na uku, ciwo ya fara kamewa, ana maganar cire zare, wani ma an sallame shi ya koma gida. Mutum ya miƙe zai zaga bayan gida, sai numfashi ya sarƙe masa, ya yanke jiki ya faɗi. In aka bincika, a tarar gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya je ya toshe hanyar jini a huhu.

A wannan darasi za mu ga abin da ke sauyawa a cikin jini bayan an yi wa mutum aiki, da dalilin da ya sa haɗarin ke zuwa a makare, da kuma abin da mara lafiya da mai jinyarsa za su iya yi da kansu.

Ƙwayoyin da ke tsayar da jini

Jini ba ruwa ba ne zalla. A cikinsa akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar da muke shaƙa, akwai farare masu yaƙi da cuta, sai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira filatilet, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da zubar jini. A ɓargo ake yin su. Can akwai wasu manyan ƙwayoyi da ke marmashewa, kowace ta saki dubban gutsattsari cikin jini, gutsattsarin nan su ne filatilet. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 zuwa 400,000 a cikin maikirolita ɗaya na jini, alhali ɗigo guda na jini ya kai maikirolita 50 ko kusa da haka. Kowace takan rayu kwana 7 zuwa 10, sannan jiki ya kawar da ita ya kawo sabuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filatilet ɗin mutum suna ajiye a saifa.

Wani likita ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya fara nuna aikinsu a fili a 1882. Ya sa siraran jijiyoyin dabba mai rai a ƙarƙashin madubin likita, ya ɗan danna bangon jijiya da allura, ya zuba ido. Nan take ya ga 'yan ƙwayoyin da jini ke kwasowa suna tsayawa daidai inda ya taɓa, wasu na hawa kan wasu har suka yi tsibi.

Abin da ya gani yana tafiya ne daki-daki. Cikin lafiyayyar jijiya sumul yake, har ma yana fitar da wasu sinadarai da ke hana komai mannewa. In aka yanka, sai naman da ke ƙarƙashin wannan shimfiɗa ya fito fili. Akwai wani sinadari a cikin jini da aka laƙaba wa sunan Erik von Willebrand, likitan ƙasar Finlan da ya bayyana cutar rashinsa a 1926. Shi ke kama wurin da ya buɗe, ya riƙo filatilet da ke wucewa. Da ta manne sai ta sauya kama: da ma a baje take, yanzu ta kumbura ta fito da 'yan yatsu, ta feso sinadaran da ke jawo 'yan'uwanta. Kafin minti kaɗan an cushe ɓarakar. Sai dai wannan cushe na farko ba shi da ƙwari, har sai wasu zaruruwa da ake kira fibirin sun saƙu a cikinsa sun ɗaure shi, kamar yadda magini ke cuɗa ramno a cikin ƙasa don kada yaɓe ya tsage.

Duk wannan rahama ce. Ba don shi ba, da ko kaciya ba za a iya yi ba, balle a buɗe ciki.

Abin da aka gano a 1942

Tambayar da ta dami likitoci ita ce, me ya sa jinin da ya yi aikinsa a bakin ciwo zai koma ya daskare a ƙafar da wuƙa ba ta taɓa ba, kuma sai bayan kwanaki?

Wata likita a Landan, Helen Payling Wright, ta ƙirƙiro hanyar auna danƙon filatilet a 1941. Hanyar ba ta da wani tsada. Takan ɗebi jini, ta sa masa maganin hana daskarewa, ta zuba a kwalbar gilashi, ta ɗora kwalbar a kan na'urar da ke juya ta a hankali. Lokaci-lokaci sai ta ɗiba kaɗan ta ƙirga filatilet ɗin da suka rage a ciki. Waɗanda suka ɓace daga lissafi sun manne ne a jikin gilashin. In adadin ya yi saurin raguwa, to jinin yana da danƙo sosai.

A 1942 ta wallafa abin da ta samu bayan ta bi jinin mutanen da aka yi wa tiyata da na matan da suka haihu. Danƙon ba ya tashi a ranar aikin. Sai wajen kwana na huɗu yake fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen kwana na goma, sannan ya sauko a hankali. Yawan filatilet ɗin ma haka yake tashi a wannan tsakani. Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne, kwanakin nan su ne dai kwanakin da suka saba ganin ƙafa ta kumbura ko mutum ya faɗi bagatatan.

Wasu sun ɗora a kan aikinta. A 1960 Arvid Hellem a birnin Oslo na ƙasar Nowe ya riƙa tura jini ta cikin bututu mai cike da ƙananan duwatsun gilashi, yana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. A 1962 Gustav Born a Landan ya fito da na'urar da ke haska fitila ta cikin ruwan jini: muddin filatilet suna warwatse ruwan a gurɓace yake, da sun dunƙule sai ya washe, haske ya ƙara wucewa. Har yau ana amfani da dabarar Born a manyan ɗakunan gwaji.

Me ke kawo wannan sauyi?

A kwana biyu zuwa huɗu na farko, yawan filatilet raguwa ma yake yi. An kashe da yawa wajen toshe jijiyoyin da aka yanka, wasu sun bi jinin da ya zuba, ga kuma ƙarin ruwa da ya tsinka abin da ya saura. Jiki kuwa bai san bambancin wuƙar likita da ta ɗan fashi ba. Rauni kawai ya gani, sai ya ɗaura ɗamarar hana zubar jini. Wurin ciwon yana aika saƙo cikin jini, hanta ta ƙara fitar da sinadarin da ke zaburar da ɓargo, ɓargo ya duƙufa. Amma manyan ƙwayoyin nan na ɓargo suna buƙatar kwanaki kafin su nuna su fara marmashewa. Nan jinkirin yake. Sai an shiga mako na biyu sababbin filatilet ke kwararowa, har adadinsu kan ninka na da, kuma sababbin sun fi tsofaffi girma da saurin mannewa. A lokaci guda hanta na ƙara yawan sinadarin da ake saƙa zaren fibirin da shi, sinadarin von Willebrand shi ma ya ƙaru.

Wato shirin da jiki ya fara ranar tiyata ba ya kankama sai lokacin da zubar jinin ta riga ta tsaya tuni. Wanda aka cire wa saifa abin ya fi yi masa yawa, tunda rumbun ajiyar ya tafi, duk filatilet ɗinsa suna yawo cikin jini.

Akwai inda abin ke juyewa. A tiyatar zuciya, inda ake bi da jini ta cikin inji na tsawon sa'o'i, filatilet kan fito a galabaice, don haka a sa'o'in farko zubar jini ake tsoro. Wannan na masu aikin zuciya ne, ba za mu tsaya a kansa ba.

Danƙo shi kaɗai bai isa ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da an auna danƙon jini an san wanda zai samu matsala. An gwada hakan shekaru da dama, bai yi ba. Kusan duk wanda aka yi wa babban aiki danƙon jininsa yana tashi, amma 'yan kaɗan ne gudan jini ke kamawa, kuma gwajin bai iya ware su daga sauran ba. Ga shi sakamakon wannan ɗakin gwaji ba ya dacewa da na wancan. Shi ya sa yau ba za ka ji an rubuta wa majinyaci gwajin kwalbar gilashi ba. Darajar aikin Wright tana wurin lokacin da ya nuna, kuma wannan ya tsaya daram.

Tun a ƙarni na 19 binciken likitan Jamus Rudolf Virchow ya buɗe hanyar fahimtar abubuwa uku da ke haɗuwa su haifar da gudan jini a jijiya: sauyi a jinin kansa, rauni a bangon jijiya, da tsayawar jini wuri guda. Tiyata tana kawo ukun gaba ɗaya. Na farko mun gan shi. Na biyu wuƙa ce, da jan nama, da murɗa ƙafa a aikin ƙashi. Na uku kuwa kwanciya ce.

Jinin ƙafa hawa yake yi zuwa zuciya, kuma ba zuciya kaɗai ke jawo shi ba. Duk takun da mutum ya yi, naman sha-raɓa yana matse jijiyoyin da ke can ciki, ya tura jini sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar su hana shi komawa ƙasa. In mutum ya kwanta shiru, wannan famfo ya tsaya. Jini ya taru a bayan 'yan ƙofofin nan, kuma a nan gudan jini ya fi farawa, wani lokaci tun mutum yana kan teburin tiyata. Gudan da ke fitowa a irin wannan jijiya yawancinsa zaren fibirin ne da jajayen ƙwayoyi, filatilet suna taimakawa ne kawai. Inda suka fi yin ɓarna da kansu shi ne a jijiyoyin da ke kai jini ga zuciya da ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda su ma haɗarinsu yana ƙaruwa bayan babban aiki.

Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2009, wanda ya bi mata kusan miliyan ɗaya masu matsakaicin shekaru, ya nuna girman abin. A makonni shida na farko bayan tiyatar da ta sa aka kwantar da mace a asibiti, haɗarin gudan jini ya ninka kusan sau 70 a kan na wadda ba a yi wa aiki ba. Ya fi tsanani a mako na uku, bai kuma gama sauka ba har mako na 12. Cikin duk mata 140 da aka kwantar aka yi wa aiki, ɗaya ta koma asibiti da gudan jini a cikin waɗannan makonni 12. A cikin waɗanda aka sauya wa ƙugu ko gwiwa kuwa, ɗaya ce cikin 45. A lura da mako na uku: a lokacin yawancin mutane suna gida, babu nas a kusa.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, masu ƙiba, masu ciwon daji, masu sikila, wanda gudan jini ya taɓa kama shi, da wanda aka yi wa aiki a ƙugu, gwiwa, ko mara. Mai jego tana cikinsu ko da kanta ta haihu, balle an yi mata aiki an ciro ɗan. Makonni shidan da likitoci ke ƙirgawa a kanta kusan su ne kwana arba'in ɗin da muka sani.

A gadon asibiti da kuma a gida

Har zuwa shekarun 1940, a Turai da Amurka akan bar wanda aka yi wa aiki kwance kwana goma ko mako biyu, ana tsoron kada ɗinki ya ɓalle. Daga baya aka gane kwanciyar ta fi tashin illa. Mu kuwa har yanzu tausayinmu yana jan mu ga tsohuwar hanya. Ga irin abin da ake ji a ɗakin mata washegarin tiyata, tsakanin nas da uwar mara lafiya:

"Mama, a taimaka mini mu zaunar da ita, yau za ta taka."

"Haba 'yar nan, jiya-jiya fa aka yanka ta! Ki bari ta huta mana."

"Ai hutun ne ba ma so ya yi yawa, Mama. Ɗinkin ba zai buɗe ba. Ki riƙe ta ta nan, ni in riƙe ta nan, daga gado zuwa bakin ƙofa kawai."

Nas ɗin ce ke da gaskiya, ko da yake uwar ma ba da mugunta take yi ba. Mai jinya nagari shi ne wanda zai daure ya ga ɗan'uwansa yana cije baki yana takawa. In likita ya ba da izini, a tashi a zauna tun ranar farko ko ta biyu, a taka kaɗan, gobe a ƙara. Wanda ba a yarda ya sauko ba tukuna yana da abin yi a kan gado: ya miƙe ƙafa, ya jawo yatsun ƙafar zuwa wajen fuskarsa har ya ji sha-raɓa ta ɗaure, ya tura su gaba, ya sake jawowa, kamar sau goma a kowace sa'a in yana farke. Ya kuma juya idon sawu hagu da dama. A sha ruwa sosai da zarar an halatta sha, musamman a bazara, domin ƙarancin ruwa a jiki yana kaurara jini. Wanda aka yi wa aiki dab da azumi ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka, addini ma ya yi wa mara lafiya rangwame.

Sai tafiyar komawa gida. Da yawa daga nesa ake kawo su babban asibiti, ranar sallama a cusa mutum a mota ya yi sa'a huɗu ko biyar gwiwa a lanƙwashe, daidai kwanakin da jininsa ya fi danƙo. A nema masa wurin miƙe ƙafa, a riƙa tsayawa a hanya yana sauka yana takawa.

Alamomin da za a sa wa ido ba su da wuyar ganewa. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, sha-raɓa ko cinya na ciwo, wurin ya yi ɗumi, fata ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu. In an ga haka, asibiti za a koma a ranar, inda za a duba jijiyar da sikanin. Kada a yi tausa, kada a gasa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho. Matsa ƙafar na iya ɓamɓaro gudan ya bi jini zuwa huhu. In kuwa numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji na suka in an ja numfashi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko an yi tari da jini, ko mutum ya suma, to ba a jiran wayewar gari.

Magunguna

Babban makamin asibiti shi ne allurar hefarin, wadda ke rage saƙar zaren fibirin. A 1975 aka wallafa wani babban gwaji da Vijay Kakkar na Landan ya jagoranta, a kan mutane sama da 4,000 da aka yi wa babbar tiyata a ƙasashe daban-daban. Cikin waɗanda ba a yi wa allurar ba, mutum 16 gudan jini a huhu ya kashe. Cikin waɗanda aka yi wa, mutum 2. Irin wadda aka fi amfani da ita yau, kamar Clexane, a fatar ciki ake yin ta, yawanci sau ɗaya a rana. Bayan sauya ƙugu ko babban aikin ciwon daji a ciki, akan ci gaba da ita kimanin mako huɗu, wato har bayan sallama. Allurar tana da tsada, kuma mutane kan daina saye da zarar sun ga mara lafiya ya miƙe. Wanda ya fahimci kwanakin da muka lissafa a sama zai ga cewa a nan ne aka fi buƙatarta. In kuɗi sun gaza, a faɗa wa likita ya duba abin da zai maye gurbinta. Akwai kuma doguwar safa mai matse ƙafa da wasu asibitoci ke bayarwa.

Asfirin shi ne maganin da ke taɓa filatilet kai tsaye. John Vane na Ingila ya gano yadda yake aiki a 1971, ya kuma samu kyautar Nobel a 1982. Asfirin yana kashe wa filatilet hanyar yin ɗaya daga cikin sinadaran da take jawo 'yan'uwanta da su, kuma ba ta iya gyara wannan ɓarna har ta mutu. Saboda haka ƙwaya ɗaya takan bar tasiri na kusan mako guda, sai ɓargo ya kawo sababbi. Wani gwaji da aka wallafa a 2000, a kan mutane sama da 13,000 da suka karye a ƙugu, ya nuna asfirin ya rage gudan jini da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wannan ba izini ba ne na mutum ya saya ya sha da kansa. Abin da ke rage danƙo shi ke sa ciwo ya yi ta tsiyayar jini. Kafin tiyata a faɗa wa likita duk abin da ake sha, har da na kemis da na gargajiya. Garin Alabukun, alal misali, asfirin ne a cikinsa, kuma da yawa ba su sani ba. Ibufurofen da dikilofenak su ma suna raunana filatilet na ɗan lokaci, farasitamol kuwa kusan ba ya taɓa su. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin kada ya daina don kansa, likitan zuciyar da likitan fiɗa ne za su yanke shawara. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ita ma ta faɗa, domin wadda ke ɗauke da sinadarin estirojin tana ƙara haɗarin gudan jini, kuma akan so a dakatar da ita mako huɗu kafin babban aikin da aka sa wa rana.

Tambayoyi da aikin aji

1. Me ya sa yawan filatilet ke raguwa a kwanakin farko bayan tiyata, kuma me ke jinkirta tashinsa zuwa mako na biyu?

2. Bayyana da bakinka yadda Helen Payling Wright ta auna danƙon jini. Don me asibitoci ba sa yin wannan gwaji yau?

3. An yi wa ƙanwarka aiki an ciro jariri. Kwana 12 bayan haka ƙafarta ta hagu ta kumbura, gwaggo ta ce a dafa ruwa a gasa mata. Me za ka ce wa gwaggo, kuma me za ka yi?

4. Kowa ya zauna ya miƙe ƙafa ɗaya, ya dafa sha-raɓarsa da hannu, ya jawo yatsun ƙafa sama ya tura su ƙasa sau goma. Ku faɗi abin da kuka ji a ƙarƙashin hannunku, sannan ku koya wa mutum ɗaya a gida kafin darasi na gaba.